Shekarar da Ciwon Baba Ya Hau Kai

Baba dillalin raƙuma ne a kasuwar Dakoro, mai son raha da son taba. Zamanin Nasara ne, ina goyon fari, gidana katanga ɗaya da nasu. Da kaka tari ya kama shi, muka ce ƙaiƙayin hatsi ne. Kafin sanyi ya wuce ya rame, yana tofar da jini. Sai ciwon kai ya biyo, hannun hagu ya mutu, har ya kai in na shigo sai ya tambayi Inna, "Wace ce wannan baƙuwa?"

Ana haka wani lokotoro, wato likita, Bafaranshe ya zo rangadi daga Maradi. Ya saurari ƙirjin Baba, ya haska mashi ido, ya yi ma tafintansa bayani. Sannan tafinta ya ce, "Baba, ya ce ciwon a huhu ya tsiro, ya yi reshe ya hau kai. Ba shi da abin da zai tumɓuke shi. Amma yana son ya haɗa maka magani biyu, allura da ƙwaya, ko kan zai lafa. Za a riƙa rubuta abin da aka gani don marasa lafiyar gaba. In ka yarda."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Gaya mashi na yarda. Raƙumi ma gefe biyu ake ɗaura mashi kaya."

Inna ba ta bar masu filin ba. Ta karɓo rubutu wurin liman, wani Buzu abokin Baba kuma yana aiko da nonon raƙuma daga garin Rumbu. Ni ke raka shi ɗakin magani kowace safiya, shi bisa jaki, ni ina riƙe da gefen rigarsa. Ma'aikacin da lokotoro ya bar wa aikin sai ya buɗe littafi ya tambaye ni: ya ci? ya yi amai? In na ce bai ci ba, Baba ya ce, "Ɗiyata, kar ki ɓata mani suna wurin Nasara. Rubuta na ci."

Wajen mako uku kan ya lafa. Wata hantsi ina daka, na ji ya kira sunana daga bayan katanga. Na yar da taɓarya na ruga. Cewa ya yi in kawo mashi jikansa, ya ɗora shi bisa cinya da hannu ɗaya, yana yi mashi kirarin raƙumi. Ya ma koma kasuwa sau ɗaya, ya duba haƙoran wata taguwa, ya ce ma mai ita ya ji tsoron Allah.

Hannun bai dawo ba. Ya rasu bayan shuka.

Da lokotoro ya sake zagayowa, har gida ya zo, ya zauna bisa tabarma. Inna ta ba shi labarin kwanakin ƙarshe daki-daki, yana rubutawa. Ta dama mashi fura. Fuskarsa ta nuna bai saba ba, amma ya shanye.