Duwatsun Baba Mai Kuza

Shekarun baya, lokacin ina da shagon ɗinki a Nasarawa Gwom, akwai wani dattijo maƙwabcina da ya yi aikin haƙar kuza har ƙarfinsa ya ƙare. Ba ya zuwa coci, ba ya zuwa masallaci, kuma ba ya ɓoyewa. Abin ya daɗe yana ɗaure min kai. Mutumin da bai yarda da lahira ba, me ke tashinsa da safe?

Ɗakinsa cike yake da tsofaffin littattafai da duwatsu, kowane dutse da 'yar takardar sunansa a manne. Da yanar ido ta kama shi har karatu ya gagara, sai ya daina fitowa, abinci ma sai an yi da gaske. Ni kuwa na ce yauwa, lokaci ya yi. Na shirya wa'azina tsaf, na zuba babbar riga kamar wani shehi, alhali ko izu biyar ban haɗa ba.

Ina zama ya ce, "Tela, na san abin da ya kawo ka. Za ka yi, amma tukuna riƙe wannan. Wane kala ne?"

Na jujjuya dutsen. "Baba, ruwan toka ne, amma yana ƙyalli kamar sabuwar shadda."

Ya gyara zama. "Shadda? Shekara arba'in ban ji wanda ya faɗe shi haka ba. Ɗauko min koren littafin can."

Wa'azin da ban yi ba ke nan. Kullum bayan la'asar ina karanta masa da guntun Turancina, yana gyara min, ni kuma ina gaya masa kala. Ya koyi gane dutse da nauyinsa da kaushinsa a yatsa, ya koma cin tuwonsa. Rannan dai na daure na yi masa tambayata. Ya ce, "Abin da ban sani ba ne ke tashina, ɗana. Kuma kullum akwai saura."

Bai canza ba, ni ma ban bar sallata ba, kuma wallahi har yau ina kewarsa. Akwai wani baƙin dutse da muka kasa gano sunansa kafin ya rasu. Yana nan a kan keken ɗinkina, takardarsa babu rubutu. Duk wanda ya kawo ɗinki na ga alamar ya yi karatu, kafin in gwada shi sai na miƙa masa dutsen.