Tiyo a Kan Kawu Sule

Duk wanda ya san Kawu Sule, ƙanen mahaifiyata da ya riƙe ni, ya san fartanyarsa. Ko ɗaurin aure zai je Kurfi tana saɓe a kafaɗa, a kan babbar riga! Da ya ga kwata ta toshe sai ya naɗe hannu. Mai gida ya fito yana, "Haba Malam Sule, da kayan fita?" Ko ɗagowa ba ya yi: "Ruwan ga na son wucewa, kun tare mai hanya."

Wata rana a motar Dutsin-Ma ya ƙwalla, "Direba tsaya!" Aka ci birki, an zaci ciki ne ya murɗa. Ashe kwalbati ya hango cike da leda. Suka gaji da jira suka tafi, ya dawo garinmu Kutawa a ƙafa yana cewa direbobin yanzu ba su da tarbiyya.

Sai ga mai wannan tafiya ya fara jan ƙafa kamar an manna ta da ƙasa. Fitsari ya riƙa kufce masa. Ni Rabi, da ya goya a wuya, ya daina gane ni, na koma "baiwar Allah" a bakinsa. Wannan ya ci mini rai ƙwarai, amma muka ce tsufa ne.

Da ƙyar muka kai shi asibiti aka ɗauki hoton kai. Jin za a yi aiki, ya dafe hula: "Ba mai taɓa man kai!" Na yi magiya har na gaji.

Likitan ya jawo kujera. "Baba, kowa akwai ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwarsa. Kullum jiki na yin sabo, tsohon ya tsiyaye cikin jini. In an manyanta hanyar kan cushe. Naka ya taru yana danne ƙwaƙwalwar."

Mutumin da bai san ko yau wace rana ce ba, sai ga shi ya gyara zama. "Toshewa ce ke nan? Mi za ku yi?"

"Siririn tiyo za mu sa ta ƙarƙashin fata."

"Ina zai zuba?"

"Cikin cikinka."

"Ba gidan maƙwabci ba?"

"A'a, Baba."

"Akwai gangare?"

"Kai na sama, ciki na ƙasa."

Kawu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wanga ya san aiki. Ku kuka tsaya surutu!"

Sati biyu bayan aikin na kai masa kunu. Ya kurɓa, ya yatsine fuska. "Ke Rabi, har yau ba ki iya sa tsamiya ba?" Na ajiye ludayi na fashe da kuka, shi kuwa yana ta mamakin abin kuka a zancen tsamiya.

Shekara huɗu ya ƙara, da ƙafarsa yake zuwa masallaci, kullum sai ya kushe girkina. Ya Allah, Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa kabari. Ranar da za mu haɗu, Ka sa ya gane ni.