Bututu Uku a Gaban Kaka

Shekaranjiya masu kafa rumfar biki suna sauke kaya a layinmu, bututun ƙarfe ɗaya ya kuɓuce ya faɗi kan kwalta, ƙararsa ta daɗe tana yawo a iska. Ina riƙe da bokitin wanki na tsaya cak. Wallahi sai na gan ni a Karmo, ina 'yar shekara tara, ƙafafuna jajur da ƙasa, ina zaune kan tsohuwar taya a ƙofar shagon waldar babanmu.

Ku da kuka tarar da Abuja a gine ba za ku gane ba. Lokacin ana cikin kwaso gwamnati daga Legas, garin kamar mafarkin da ba a gama yi ba. Titi ne shimfiɗe, ka bi shi ka bi shi, sai ya ƙare a cikin ciyawa, shanu na kiwo. Fitilun kan hanya a jere, babu gida ko ɗaya a gefensu. Da damina gajimare kan sauko ya zauna a kan duwatsu, ni kuwa in zura ido ina tunanin ko can sama ministocin za su tare. Manyan motoci na wucewa ɗauke da kabad da kujerun ofis, ƙafafun kujerun suna kallon sama.

A bayan irin wannan mota Baffa ya iso, ƙanen babanmu, autan Kaka. Direba ne a wata ma'aikata, kuma ƙafarsa ba ta ga maciji da birki. Ba a daɗe ba wasu ma'aikatan kamfanonin gini da 'yan bokon ofis suka shirya tseren mota a hanyar burji da ta ratsa gonaki wajen Paikon Kore. Baffa ya samo wata tsohuwar tasi, ya fige kujerunta. Sharaɗin masu tseren ɗaya ne: sai an gina keji na bututun ƙarfe a cikin motar, don in ta kife kada rufin ya murƙushe direba. An yi faɗa, an yi lallashi, Baffa ya ce in Yaya ya ƙi, zai kai wa kowane mai walda na bakin titi. Dole babanmu ya karɓa.

Babanmu ƙofa da taga ya saba yi, a yanka a haɗa. Keji kuwa babban bututunsa guda ne, ya taso daga ƙasan mota, ya lanƙwaso ta saman kan direba, ya sauka ɗaya gefen. In lanƙwasar ta yi rauni, nan zai karye, kuma kan Baffa ne a ƙarƙashi.

Kaka maƙeri ne, ya gada kaka da kakanni. Yana da 'yar maƙera a bayan shagon, yana ƙera wa manoman doya fartanya. Ni ce amaryarsa, shi ne angona, kullum muna cikin tsiya irin ta jika da kaka. Da ya ji maganar keji sai ya ce, "Ƙarfe da wuta ake lallashinsa." Ya ɗura wa bututu yashi, ya toshe bakinsa, ya zuga gawayi har wurin ya yi ja kamar gauta, ya lanƙwasa shi a jikin kututture. Kai, lanƙwasar nan ta yi kyau! Sumul, kamar wuyan tulu. Har yau ina jin ƙanshin gawayin da ya haɗu da na ruwan saman da aka ɗauke.

Babanmu ya taɓa aiki a kamfanin gini, ya san irin wannan bututun in ya sha wuta ƙarfinsa raguwa yake. Amma ɗan fari ne. Tun da nake ban taɓa ganin ya ɗaga ido ya kalli Kaka ba, balle musu. Abin da ya ce kawai, "To, Baba."

Washegari ya yanko guntaye biyu daga bututun, ya ɗora ni a babur muka nufi Kado, wai za mu sayo wa Inna, mahaifiyarmu, kifi. Kifin dai mun saya, amma neman injin lanƙwasa ya fito. Na farkon da muka gani na masu aikin famfo ne, mai jak irin na ɗaga mota, yana tura tsakiyar bututu da ƙarfin tsiya. Nan da nan ya gama, sai dai gwiwar ta baje kamar raken da aka taka. Mai shi yana ta rantsuwa cewa haka kowa yake yi. Babanmu ya yi godiya, ya ɗauki guntunsa.

Na biyun yana wajen wani dattijo Bayerabe a bayan kasuwa. Wani faifan ƙarfe ne mai kwari a gefensa, da doguwar mariƙa. Bututu ya kwanta a cikin kwarin, a ja mariƙa, ya riƙa naɗuwa a jikin faifan kaɗan-kaɗan, ba wuta, ba yashi. Babanmu ya kwantar da guntunsa a kwarin, ya yi ƙoƙarin cusa siririyar takardar sigari a tsakani, ta ƙi shiga. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Oga, ka san aiki. Wannan inji, shi ba ta sauri, amma ba ta ƙarya." Ina tsaye da ledar kifi ina kallon ƙarfe yana lanƙwasuwa a sanyinsa, sannu a hankali, har na ji kamar barci zai ɗauke ni.

Bayan la'asar babanmu ya jera bututu uku a ƙasa gaban Kaka: na jak, na dattijo, da na Kakan kansa. Ya ajiye guduma a gefe, ya durƙusa ya ce, "Baba, a duba mana." Baffa na jingine da motarsa, Inna na leƙowa daga ƙofa.

Kaka ya ɗaga guduma ya doki na jak, ya nannaɗe nan take. Ya yi tsaki. Ya doki na dattijo, gudumar ta yi tsalle ta dawo, sai ɗan tabo. Ya ƙara, haka. Sannan ya gyara tsayuwa ya doki nasa. Ya lotsa. Ya sake doka, lotsawar ta zurfafa har babban yatsa zai kwanta a ciki.

Can Kaka ya ce, "Yashin ne bai cika ba. Gobe a sake."

Na kalli babanmu. Kansa a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, na ga leɓensa yana shirin cewa "to". Ban san komai a kan ƙarfe ba, amma na ji tsoro ya kama ni. Kuma ni bakina ba ya da linzami tun asali. Na diro daga kan taya na ce, "Ango, naka ya lotsa! Kowa ya gani. Tsufa ya kama har wutarka. Ni dai in a wannan za ka sa Baffana, ka ba ni takardata in koma gidanmu!"

Inna ta ce, "Ke! Don ƙaniyarki!" Kaka ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya tsuguna, ya sa yatsa a lotsawar, dariyar ta ɓace.

"Kai," ya ce da babanmu, don bai taɓa kiran sunansa ba, "ka san haka tun farko?"

"Na sani, Baba."

"Ashe da ka bar ni na kashe auta saboda kunya."

Ranar na fara ganin hawaye a idon babanmu.

Aka ɗauko injin dattijo. Kaka da kansa ya riƙa jan mariƙar, yana mita wai wannan ba ƙira ba ce, tuƙin tuwo ne. Ranar tsere, ƙarshen damina, ya ƙi zuwa. Mu muka je. Ina tuna kunyoyin doya kore shar har iya ganin ido, manoma sun jingina da fartanyu suna kallon ikon Allah, motoci na fitowa daga bayan tudu ɗaya bayan ɗaya. A wata kwana motar Baffa ta tashi sama. A idona ta daɗe a can, tana juyawa a hankali, kafin ta faɗo kan rufinta ta mirgina cikin gona. Rufin ya yamutse kamar gwangwani. Kejin ya tsaya. Baffa ya rarrafo ta taga da karyayyen hannu, yana ba mai gonar haƙuri.

Da aka jawo motar gida, Kaka ya shiga ciki ya bi lanƙwasar da tafin hannunsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ya fito ya yi alwala.

Yanzu inda shagon yake an yi bene. An ce akwai injin da maɓalli kawai ake dannawa ya lanƙwasa bututu. 'Ya'yana kuwa musu suke da ubansu ido cikin ido, wani lokacin har in ji kamar in ɗauko muciya. Sai in tuna, in yi shiru.

Kaka ya ƙara shekaru masu yawa kafin ya cika. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, amma da maza suka dawo aka ba mu labari. Da aka zo sa shi a kabari, an nemi wanda zai sauka ya karɓa. Baffa ne ya sauka, da karkataccen hannunsa, ya karɓi ubansa ya kwantar da shi.