Kanwar Kaka Tumba da Garin Amino

Wutar da muke zama gefenta a Maruda ba don mu ake hura ta ba, ta shanu ce. Idan damina ta kankama, sauro da ƙudan daji suka hana dabbobi sakat, sai Kaka Tumba ta tara busasshen kashin shanu a bakin garke, ta kunna, ta ɗora ɗanyar ciyawa a kai don ya yi hayaƙi. Shanunta ba su da yawa, amma kowace saniya da sunanta, kuma duk sun fi mu daraja a wurinta. Ita da bakinta take faɗa. Mu jikoki da mun gama cin tuwo sai mu bi ta can, mu raɓa da hayaƙin shanu, idanu na hawaye, muna jira ta buɗe baki.

Kaka Tumba uwar mahaifina ce, doguwa, siririya, mai faɗa. Ba ta iya lallashi ba, kuma ban taɓa ganin ta yi ƙoƙarin koya ba. Duk abin da take son gaya wa mutum, in ba faɗa ba ne, to a tatsuniya take sa shi. Sai ta gyara zama a kan turmin da ta kifa, ta ce, "To, ga ta nan ta iso, ku matsa mata." Mu kuma mu ce ta zauna mu ji ta.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta attajiri da bijimi.

Wai an yi wani attajiri ɗan birni da ya fita ƙauye, ya ga wani makiyayi da bijimi ƙato, tozo kamar tulu, yana huɗa tun safe bai ko yi haki ba. Attajiri ya tsaya baki buɗe. Ya tarar da makiyayin yana jiƙa wani farin abu a kwami, bijimin na sha. A nan Kaka takan kumbura murya ta yi ta attajirin:

"Kai Bahillace, mi kaka ba wanga sa da yak kai haka?"

"Kanwa ta, ranka shi daɗe."

"Kanwa kaɗai?"

"Ita kag gani ina ba shi."

Attajiri bai ƙara tambaya ba. Ya sayi ƙanen bijimin, uwa ɗaya uba ɗaya, ya sayi kanwa kayan jaki guda. Ya gina wa san rumfa mai kyau, ya ɗaure shi, ya ce nasa ya fi ƙarfin yawon daji da cin ciyawa kamar na talakawa. Da safe kanwa, da rana kanwa, da yamma kanwa. Sa ya yi ta kuka, attajiri na cewa, "Ku ji shi, ƙarhi na ka shigatai." Haƙarƙari ya fito, ya ce kitse ne ke narkewa, ya ƙara kanwa.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, ya gayyato mutane har da makaɗa su zo su ga huɗa. Aka ɗaura wa sa garma. Bai kai ƙarshen kunya ɗaya ba ya durƙusa, ya kife. Da ya buɗe ido sai ga sabon tsiro a bakin hancinsa, ya kai baki ya soma figa. Attajiri ya ɗaga sanda, sa ya dube shi ya yi magana. Nan Kaka takan sassauta murya, ta yi ta a hankali:

"Ka ba ni abin da ka tada yunwa, ka hana mani abin da ka kashe ta. Ka bari in ci."

Mukan tambaya ko san ya mutu. Sai ta harare mu. "Wa yac ce maku ya mutu? Ci shikai. Nan tat tsaya, ku tashi ku ba ni wuri."

A lokacin dariyar attajirin kawai muke yi. Ni abin da na ɗauka shi ne kanwa yaudara ce, kuma duk mai neman ƙarfi a cikin garin magani ko ƙulli wawa ne. Da wannan fahimtar na girma, na yi aure, na zo Kalgo ina koyarwa a firamare.

Ina da ɗa na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, don bakina bai taɓa kama shi ba. Haka muka tarar: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nan-nan da shi, ba ta zama ta yi ta tambayarsa ko ya ci ko bai ci ba. Ƙannensa na ce masa Babba, ni ma na bi su. Tun yana ƙarami kokawa ce abin sonsa. Da ya gama sakandare sai ya shiga cikin samarin da ke ɗaga ƙarfe a wani shago kan hanyar jami'a, kuma ya sa wa ransa cewa bayan kaka, idan aka zo zaɓen 'yan kokawar da za su wakilci ƙaramar hukumarmu, da shi za a tafi.

A can ya samo garin amino. Farin gari ne a babbar roba, da ɗan cokalinsa a ciki. Yakan auna ya zuba a gorar ruwa, ya girgiza, ya shanye bayan atisaye. Na ji yana yi wa ƙanwarsa Hauwa'u bayani cewa yana gyara tsokar da ta wahala, yana rage ciwon jiki, gobe mutum ya tashi garau. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne wani a shagon ya gaya masa tuwo na kawo tumbi, yana sa nauyin jiki. Sai Babba ya bar tuwo. Ya bar fura. Wake ma ya ce yana kumbura ciki. Ya koma ɗan biredi da shayi da gorarsa, ga atisaye safe da yamma, har ranar Juma'a ba hutu.

Kullum nakan zuba rabonsa in rufe, kullum da safe in mayar da shi ɗumame ƙannensa su cinye. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ina kallon wuyansa na tsawo, idanunsa na faɗawa, shi kuwa yana tsayawa gaban madubi yana murna jijiyoyi sun fito. Ga shi ba ni da bakin cewa, "Zo ka ci abinci, ɗana."

Wata rana ya fita, na ɗauki robar na nufi masai da ita. Ina tsaye a bakin ƙofa sai na tuna wani abu da ban taɓa haɗawa da tatsuniyar ba: Kaka Tumba da kanta ba ta rabuwa da kanwa. Duk wanda zai ci kasuwar Gwandu sai ta ba shi saƙonta. Takan jiƙa wa shanunta ita a kwami, ta ce tana wanke ciki, tana buɗe musu ci. Tana ba su kuma sai ta sa a kora su inda ciyawa ta fi yawa, da rana su kwanta a inuwa su yi tuƙa, kuma kaiton yaron da ya tashe su. Na mayar da robar inda na ɗauke ta. Da yamma na tambayi maƙwabciyata da ke aiki a asibiti. Ta ce abin da ke cikin garin yana cikin nono da ƙwai da kifi da wake, tace shi kawai aka yi. Mai lafiya in ya sha daidai kima ba laifi, amma ƙari ne a kan abinci, ba ya zama a madadinsa.

Tunda ba zan iya yi masa magana kai tsaye ba, sai na yi abin da na gada. Bayan sallar isha'i, yana zaune a tsakar gida yana girgiza gorarsa, na kira Hauwa'u na ce ta zo in yi mata tatsuniya. Na ɗaga murya fiye da yadda yarinya ɗaya ke buƙata. Na yi attajiri, na yi makiyayi, na yi sa. Da na kai ƙarshe sai na ji ya yi dariya, ya ce wa ƙanwarsa, "Hauwa'u, hwaɗa ma Inna ni ba sa na ba." Ya shanye abinsa ya shiga ɗaki.

Ranar zaɓe ban je ba, ba a ganin uwa a irin wurin. Ƙanensa ne ya kawo mini labari. Karon farko Babba ya ɗaga abokin karawarsa ya nana da ƙasa, wuri ya ɗauki ihu. A karo na biyu aka haɗa shi da wani gajeren yaro manomi daga Malisa. Yaron bai yi wata dabara ba, riƙe shi kawai ya yi ya ƙi saki. Aka daɗe ana turereniya, har gwiwar Babba ta taɓa ƙasa. Da ya tashi sai da aka riƙe shi, jiri ke ɗibarsa. Ba a zaɓe shi ba.

Ya shigo gida bayan magariba, yashi har cikin gashinsa. Ina madafa. Na yi niyyar ba zan tada maganar cin abinci ba, kuma na cika, ko da yake maganar na nan a bakina tana ƙaiƙayi. Ya zauna a dokin ƙofa ya daɗe. Can ya kira ƙanwarsa a hankali.

"Hauwa'u, tambayi Inna ko da saura."

Na ce, "Hwaɗa mai kwanonai na nan inda ya saba."

Tuwon dawa ne da miyar kuka da busasshen kifi. Na juya baya ina wanke tukunyar da na riga na wanke, ina jin ƙarar cokalin miya a kwano. Da ya gama Hauwa'u ta dawo da kwanon, ta ce wai a ƙara.

Yanzu idan na tuna tatsuniyar ba attajirin nake tunani ba, makiyayin nake tunani. Bai yi ƙarya ba. An tambaye shi abin da yake ba sa, ya faɗi abin da hannunsa ke bayarwa. Fitar asuba, da ciyawa, da ruwan fadama, da kwanciyar rana, duk bai ambata ba, don a wurinsa ba abin faɗa ba ne, kowane sa na yi. Haka samarin shagon nan. Garin yana da roba mai kyau da suna, shi ake nunawa. Tuwon uwar mutum ba wanda ke ɗaukar hotonsa.

Babba bai bar garinsa ba, ban kuma so ya bari ba. Yana sha bayan atisaye, sannan ya wanke hannu ya zauna a kan tuwo. Ranar Juma'a ba ya zuwa shago, barci yake yi har sai an tashe shi masallaci. Ko za a zaɓe shi bana, Allah ne masani. Ni dai na ƙara mudun dawa a awon gidan, kuma har yau bai san ni na ce Hauwa'u ta riƙa sa masa kan kifin ba.