Ku Goge Bidiyon Ɗana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran ɗana na fari a kan hanyar Mai'adua zuwa Daura, yana dawowa daga makarantar da yake koyarwa. Mota ce ta buge babur ɗinsa. Shekararsa talatin da ɗaya. Sunansa yana saman wannan shafi nasa, ba sai na faɗa ba. A takarda na rubuta wannan, ƙanwarsa Hadiyya ce take saka muku.

Ɗana, tun ranar da aka raɗa maka suna bakina bai taɓa kama shi ba. Haka muka taso muka tarar, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa gaban mutane. "Yayansu" nake ce maka, ka amsa. Faɗa kuwa ban taɓa jin kunyar yi maka shi ba, kuma yawancinsa a kan wayar nan ne.

Ba abin da ba ka da ra'ayi a kansa. Tsadar data, shekarun da ya kamata a ba yaro waya, ko a hana 'yan acaba shiga gari ko kada a hana, duk sai ka rubuta. Nakan ce, "Kai wa ya tambaye ka?" Sai ka yi dariya ka ce, "Inna, ai dandalin ne ya koma cikin waya." In ce dandalin da ba dattijo mai tsawatarwa ba dandali ba ne. Har yau ban janye ba.

Amma na ga alherin da ka yi da ita, ko da ban faɗa ba. 'Ya'yan maƙwabta nawa ka cika wa fom ɗin jarrabawa a zauren nan, ba ka karɓi ko ruwan sha ba? Da shanun Malam Ɗantsoho makiyayi suka ɓata, kai ka saka hotonsu, kwana uku aka ga biyu a wajen Kongolam. Tsohon ya zo da ƙwaryar nono yana ta sa maka albarka. Ina daga ɗaki ina ji, na yi kamar ban ji ba.

Sau ɗaya ka kunyata ni. Shekara huɗu ke nan, da Maharazu ɗan maƙwabciyarmu Laraba ya rasu a asibiti, kai ka fara saka hotonsa da Innalillahi, tun ba a sanar da gida ba. Laraba tana tankaɗe, jikarta ta miƙa mata waya. Na sa ka a gaba har tsakar gidanta, ka durƙusa, malami guda, gaban mata. Ba ta ce maka komai ba, ta dai kawar da kai. A hanya ka ce mini, "Inna, wallahi so na yi mutane su samu jana'iza." Na ce jana'izar ta fi uwarsa ne?

Daga ranar ka canza. Duk rasuwar da aka yi a Daura sai ka bi masu sakawa kana rubuta musu, "A jira a sanar da uwa." Har abokanka suka laƙaba maka Malam A-Jira, suna yi maka tsiya da shi. Wani ya ce ƙauyanci ne, yanzu zamanin sauri ake. Ba ka fasa ba.

Ranar Talatar nan ina zaune ina tsince wake, na buɗe guruf ɗin matan Islamiyyarmu. Wata ta turo bidiyo, an rubuta hatsari a hanyar Mai'adua. Zan faɗi gaskiya, don ba ni da bakin yi wa kowa wa'azi in na ɓoye: na danna. Na kalla ina cewa wayyo, ɗan wa ne wannan. Mutane sun yi da'ira, kowa da waya a hannu, mutum yana kwance yana motsa ƙafa. Sai mai ɗauka ya matsa kusa. Na ga shadda ruwan toka wadda na ga an goge da safe, na ga tabon ƙuna a bayan hannun hagu, wanda ka samu kana rarrafe.

A lokacin ƙanin mahaifinka, Alhaji Kabo, yana can yana neman dattawa biyu da za su rako shi, su zauna, su fara ce mini jikin ya yi tsanani, kamar yadda aka saba. Da suka yi sallama suka same ni da wayar a cinya. Alhaji ya dube ni ya ce, "Yaya, an riga mu ko?" Sai ya fashe da kuka, mutum mai furfura.

Mutum ɗaya ne ya ajiye abin da ke hannunsa ya ɗauke ka, wani direban a-kori-kura mai suna Kalilu. Bai san ka ba. A motarsa ka cika kafin a kai asibiti. Allah ya saka masa da gidan Aljanna. Sauran ba zan yi musu baki ba, amma ina tambayarsu: minti nawa kuka yi kuna ɗauka?

Hadiyya ta hana ni karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon, na karɓa na karanta. Wannan ya ce laifin hanya ne. Wancan ya ce ai bai sa hular kwano ba. Wasu suna gardamar ko a kafa dokar ɗaure masu ɗaukar irin wannan, kuma a ƙarƙashin bidiyon da su ma suka tura suke gardamar. Har da masu zagin juna a kan siyasa. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai cewa a yaɗa, wai an ji yana kalmar shahada, wa'azi ne. Wanda aka yi shahadar dominsa ya ji. Ba ya neman shaidar wayar kowa.

Laraba ce ta fara shigowa gaisuwa. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Ni na san abin da ya faɗo miki." Ta ce tun ranar da ka durƙusa ta yafe, bakinta ne ya kasa. Ban sani ba ko ta taɓa gaya maka.

Ga abin da ya sa na yi wannan rubutu. Matarsa Murjanatu tana da ciki wata takwas, na fari. Ta san hatsari ne, ba ta ga komai ba. Ranar wayarta tana wajen caji, Hadiyya ta karɓo, yanzu tana ƙasan akwatina. Jiya ta ce, "Inna, a ba ni in ji muryarsa, akwai saƙonnin da ya turo mini." Na ce sai an yi arba'in. Ba zan iya riƙe ta har abada ba, kuma ba ni da ikon wayoyin masu shigowa gaisuwa. Abin da ke cikinta ma wata rana zai girma, ya rubuta sunan ubansa ya nema.

Don haka ba ra'ayinku nake nema ba. Kada ku rubuta mini komai a ƙasa. Duk wanda bidiyon nan yake wayarsa, ya goge, ya kira wanda ya tura wa ya ce ya goge. Masu riƙe da guruf, ku cire. Wanda ya yi, na yafe masa kallon da ya yi, kamar yadda nake roƙon Allah ya yafe mini nawa. Wanda ya karanta wannan ya sake turawa, ban yafe ba, za mu tsaya gaban Allah.

Ina yi wa Murjanatu ta'aziyya, da Alhaji Kabo, da Hadiyya da ƙannenta, da ɗalibansa na Mai'adua. Allah ya ba mu haƙuri, ya sauki Murjanatu lafiya.

Kai kuma, shekara talatin da ɗaya ina jira, ban san me nake jira ba. Ka yi mini biyayya, ka gyara kuskurenka, na yarda da kai duniya da lahira. Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya suturta ka a can yadda ba a suturta ka a nan ba.

Allah ya gafarta maka, Zakiyyu.