Garin Ƙashi a Tafin Hannun Baba

Akwai wata ranar Asabar a Batsari da ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A shekarun nan ne da 'yan bindiga suka hana mutanenmu noma. Sun shigo ƙauyenmu a yankin Safana, suka kore shanu, suka harbi mahaifina a ƙauri. Ƙashin ya farfashe. Mai ɗori ya duba ya girgiza kai, a asibiti ma aka ce gurbin ya yi faɗi. Muka koma gidan kawuna a Batsari, Baba yana kwance.

Ni kuwa ina digiri na biyu a Katsina, fannin sinadarai. Aikina haɗa wani farin gari na kalsiyam da fosfet, sinadaran da Allah ya gina ƙashi da su. Ƙasusuwan shanu nake karɓowa wajen mahauta, in dafa, in ƙone su har su yi fari fat, in narkar a asid, in riƙa ɗiga wani ruwan a kai ina motsawa har garin ya kwanta. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin ɗaya. Fatanmu wata rana likita ya cike gurbin karaya da shi, jiki ya gina sabon ƙashi a kai.

Na sha fama, wutar lantarki takan ɗauke, aiki ya lalace. Da ya fito daidai, sai na ɗebo kaɗan a kwalba don in faranta wa Baba. Ƙuruciya, ban yi tunanin abin da zai biyo baya ba. Ranar Asabar ɗin nan na kai masa Batsari, na yi masa bayani, ya zuba a tafin hannu ya murza, ya daɗe yana kallo. Sai ya yaye zanen da ke ƙafarsa.

"To Uwata, zuba mini," in ji shi.

Na ce, "Baba, ba a kai nan ba. Sai an gwada a dabbobi tukuna, shekaru ne."

"Zan kai?"

Ya mayar da garin cikin kwalba a hankali, bai zubar da ko kaɗan ba, ya rufe ƙafarsa.

"Wani zai kai. Gobe ki koma makaranta, ga innarki tana jinyata."

Daga baya aka yanke ƙafar, kafin damina Allah ya karɓi abinsa. Har yau ina kan wannan bincike. A wajen Baba na koyi cewa aikin da bai ceci naka ba, ba a watsar da shi, domin wanda zai amfana shi ma mahaifin wata ne.