Kwana Uku Muna Nema wa Iya Wurin Zama

Talata: Funtuwa zuwa Malumfashi

Ƙarfe shida saura kwata, ana idar da sallar asuba, muka fito daga gidanmu na Funtuwa mu uku: ni da Baba da mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya. Gari bai gama wayewa ba, raɓa ta lulluɓe gilashin motar da Baba ya ɗauko shata. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwa da ke ta kira suna tambayar inda muka kai Iya, da kuma duk mai tsohuwa a gida irin tamu.

Shekara biyu ke nan Iya tana fama da abin da mutane ke kira gigin tsufa. Da fari ajiya take yi ta manta, daga baya ta koma cigiyar mutanen da suka daɗe da rasuwa. Ni takan gane ni, don sunanta na ci, sai ta ce mini takwara. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne tun farkon damina ta kusa daina cin abinci, sau biyu kuma ta fice daga gida ba da sanin kowa ba, sai a bakin kasuwa aka tsinto ta. Baba kuwa, da suka shekara ashirin gida ɗaya suna hira tana ce masa Alhaji, ta daina ko kallonsa. Da ya shigo ɗaki sai ta ja mayafi ta juya wa bango fuska. Ya rage zaman shago, sau uku a rana yana zuwa da kansa ya durƙusa gabanta da kwano yana lallashi, ita kuma sai ramewa take yi.

A aljihunsa akwai takardar wani gidan kula da tsofaffi a Kaduna, ya cike ta, sa hannu kawai ya rage. Ya ce tunda ba ta ma san shi ba, gara ta koma inda akwai ma'aikata. Ni ce na roƙi kwana uku mu duba ƙasarmu tukuna. In ba mu samu ba, ranar Asabar za a wuce da ita.

Tun a ƙofar gida aka fara. Baba ya buɗe baya zai zauna kusa da ita, Iya ta toge ta ƙi shiga. Direbanmu, Malam Sule, ya ce, "Alhaji, dawo gaba ka bar musu bayan. Manyan mata ba su son matsi." Baba yana komawa gaba ta shiga.

Shida da minti biyar muka wuce Bakori. Dawa ta sunkuyar da kai a gonaki kamar masu sauraron karatu, an kuma fara baza masara a gefen kwalta. A shingen jami'an tsaro da ke gaba, wani matashi ya leƙo ta taga, Iya ta kafe shi da ido ta tambaye shi ɗan gidan wa ne, kuma me ya sa aka bar shi a titi bai karya ba. Ya yi dariya ya ce ta sa masa albarka kawai. Ta sa masa, har da ta 'ya'yan da bai haifa ba.

Malumfashi

Kilomita hamsin ne ko kusa da haka, mun iso bakwai da minti goma. Baba ya shiga layin yankar kati a wani asibiti, ni na sayo waina a bakin ƙofa muka zauna a benci da Malam Sule. Iya ta ci guda huɗu, har tana tsotsar yatsa. Da gudu na je na faɗa wa Baba. Ya fito da murna, ya sayo ƙari ya miƙa mata, sai ta rufe baki ta kawar da kai. Na ce masa ƙila ta ƙoshi ne.

Goma da minti ashirin muka ga likita, matashi mai haƙuri, tashin birni. Ya tambaye ta wace rana ce yau, ta ce ranar awon auduga. Ya nuna ni, ta ce takwararta ce. Sai ya nuna Baba.

"Wannan fa, Mama? Mene ne sunansa?"

Iya ta sunkuyar da kai, ta jawo mayafi har bisa hanci. Likita ya jira, ya sake tambaya, sannan ya yi rubutu. Baba ya juya yana kallon taga.

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ciwon mantuwa ne, ba aljanu ba, ba kuma sammu ba. Ba a warkewa, amma kulawa tana sa mutum ya zauna lafiya. Ya rubuta mata maganin hawan jini, ya ce su ba su da ɗakin kwantar da masu irin wannan larura. A bakin ƙofa wata ma'aikaciyar jinya ta kwatanta mana wurare biyu: wani gida a bayan gari, da gidan wata Mama Rahila a Ƙarfi.

Muka sallami Malam Sule. Biyu da rabi, bayan azahar, keke mai ƙafa uku ya kai mu gidan na bayan gari. Wuri ne mai tsabta da doguwar katanga, sai dai kowace ƙofa da kwaɗo ta waje, yawancin mazaunansa kuma matasa ne masu jinyar shaye-shaye. Iya ta dubi tsakar gidan ta tambaye ni ina awakinsu, kuma me ya sa ba hayaƙi. Mai kula da wurin ya ji ta, ya ce wa Baba gaskiya Hajiya ba ta nan ba ce. Na ji daɗin gaskiyarsa, amma rana ɗaya ta tafi.

Mun kwana gidan wani abokin Baba a cikin gari. A wajen mata Iya ta ci tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, malmala guda cur. Na ɗauka daɗin tuwon ne. Da na kai wa Baba ruwa a zaure bayan magariba, na tarar ya buɗe takardar Kaduna a cinyarsa. Ya ce, "Ummi, saura kwana biyu." Ummi yake ce mini, tunda ba zai iya kiran sunan mahaifiyarsa ba.

Laraba: Ƙarfi

Takwas daidai muka shiga bas a tasha, Baba a gaba, mu a baya tsakanin buhun wake da wata mai goyo. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Ƙarfi nan ne mahaifar Iya, can ta yi aure, can kuma autarta Gwaggo Lami take zaune da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Gwaggo ta sha roƙon a ba ta Iya, Baba yana cewa shi ne babba, shi ya kamata ya riƙe uwa. Muna kusantar gari Iya ta manna goshi a taga tana kiran sunayen masu gonaki, mutanen da jikokinsu ne yanzu ke noma wurin. Wata biyar rabon da in ji muryarta ta yi tsawo haka.

Gwaggo ta tarbe mu ta raka mu gidan Mama Rahila. Ba allo, ba katanga mai tsawo. Zaure ne, sai danga ta zana, sai wata babbar darbejiya da aka shimfiɗa tabarmi a inuwarta. Tsofaffi bakwai na tarar, wasu na ɓarar gyaɗa, wata na tsintar wake, wani dattijo yana tufkar igiya yana warwarewa. Da hantsi iyalansu ke kawo su, da la'asar su koma gida. Kowane gida yana kawo abin da ya sawwaƙa, hatsi ko kuɗi. Mama Rahila Kirista ce, 'yar ƙasar, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Ta ce mahaifiyarta ce ta yi irin wannan ciwo, ta rasa inda za ta kai ta, shi ya sa ta buɗe ƙofarta.

Ba ta yi wa Iya tambaya ko ɗaya ba. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye mata faifai da wake, ta ce, "Iya, taimake ni, idona ba ya ganin tsakuwa." Iya ta gyara zama ta kama aiki, har tana yi mata faɗan an bar wake ya yi ƙwari.

Sha biyu da rabi aka kawo ɗanwake. Kamar kullum Baba ya ɗauki kwano ya durƙusa gabanta. Iya ta ajiye faifai, ta ja mayafi, ta juya baya. Ya daɗe a durƙushe kafin ya miƙe.

"Kin gani ko, Sista," in ji shi. "Direba ta ci waina a gabansa. Soja ta sa masa albarka. Ni kaɗai ta manta."

Mama Rahila ta dube shi, ta dubi Iya.

"Alhaji, kai ne na fari?"

"Ni ne."

"A hannunta ka tashi?"

"A'a. Tun yaye baffana ya ɗauke ni zuwa Funtuwa."

"To ajiye kwanon nan, zo mu je zaure."

Na bi su. Ta nuna masa wata kafa a jikin zana ta ce ya leƙa. Ba a yi minti biyu ba Iya ta waiwaya, ta duba hagu da dama, ta jawo kwanon ta fara ci.

A hankali Mama Rahila ta yi masa bayani. Ta ce wannan ciwo shekarun baya-bayan nan yake fara kwashewa, ya bar wa mutum na ƙuruciya. Shekara ashirin ɗin da suka yi suna hira sun tafi. Iya yanzu tana zaune ne a zamanin da take yarinya mai jego, kuma macen wancan zamani ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, balle ta ci abinci a gabansa. Ficewar da take yi ma, in ji ta, ƙila kunyar ce ke korar ta, don ta ga ɗan fari yana ta shigo mata ɗaki.

"Da ba ta san ka ba, da ta ci a gabanka kamar yadda ta ci a gaban direba. Duk duniya kai kaɗai take jin wa wannan kunyar."

Baba ya zauna a dakalin zaure ya cire hula. Dukanmu mun san al'adar, har dariyarta mukan yi in tsofaffi na ba da labari, amma ba wanda ya zaci za ta dawo. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Ashe wata biyar ni nake hana ta ci."

"Ba da gangan ba. Ka ci gaba da zuwa, Alhaji, amma ka riƙa tsayawa a zaure kamar suruki."

Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Ni na koma gindin darbejiya don kada ya ga na gani.

Ba ta yi mana alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Ta ce mantuwar za ta ci gaba, wata rana ma kunyar za ta iya tafiya. Ta koya wa Gwaggo kada a yi musu da Iya, kada a riƙa yi mata jarrabawar sunaye, a ɗinka lambar waya a gefen mayafinta, a rataya ƙararrawa a ƙyaure, a kuma sanar da maƙwabta. Kafin la'asar magana ta zauna: Iya za ta kwana wurin Gwaggo, ta wuni gidan Mama Rahila, duk wata a kai ta asibiti. Baba zai zo duk Juma'a, ni kuma duk hutu. Shi da bakinsa ya ce wa Gwaggo, "Lami, na ba ki ita," ita kuma ta ce ai da ma aro ya yi.

Alhamis: komawa gida

Sha ɗaya na safe na shiga gidan Mama Rahila yi wa Iya sallama, Baba yana zaure. Tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, hasken rana na saukowa ta cikin ganye yana yawo a hannuwanta. Ta riƙo zanena ta jawo ni kusa.

"Takwara, yaron nan ya ci abinci?"

Ba ta taɓa tambayar cin Baba ba tun da ciwon ya kama ta. Na ce ya ci. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da gyaɗa cikin tafin hannu, manya-manya, waɗanda ta ware tun jiya. Ta juye mini a hankici.

"Ki kai masa. Kada ki ce ni na ba ki."

Sha biyu saura muka hau bas zuwa Malumfashi, muka yi azahar a tasha, biyu da kwata muka samu motar Funtuwa. Na zauna kusa da Baba, ƙullin yana cikin jakata, ina jin sa kamar wani abu mai rai. Bayan mun wuce Bakori ya ciro takardar Kaduna ya miƙo mini, ya ce in ajiye cikin littattafaina, ba ya son ta a aljihunsa kuma.

Uku da rabi muka shiga gida. Sai da ya yi la'asar ya zauna, sannan na ajiye hankicin a gabansa. Ya kwance, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ba ki?"

"An ce kada in faɗa."

Bai sake tambaya ba. Ya ɗauki ɗaya ya kai baki, sauran ya ƙulle ya sa a aljihun da takardar ta fito.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Malam Sule, da likitan da ya faɗa mana gaskiya, da masu masaukinmu na Malumfashi, da Gwaggo Lami, da Mama Rahila. Masu son gaishe da Iya, tana Ƙarfi, da hantsi za ku same ta a gindin darbejiya. Ku shiga kanku tsaye. Baba ne kawai ke tsayawa a zaure.